Yini ɗaya kacal a tsohon birnin Santambul: Topkapi ko Ayasofya?

Hajiya Mai Abaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tafiya Santambul sarin kaya wata mai kamawa, a Laleli zan sauka kamar kullum. Wannan karon da maigida za mu je, kuma tun yanzu ya gindaya min sharaɗi: ba zai biya kuɗin jirgi ya ƙare a bin shagunan abaya da takalman yara ba, sai ya ga tarihi. Ni kuwa ban san komai a garin nan ba sai Laleli da ofishin 'yan kago. Mun ware yini guda, Talata, tunda Litinin za mu miƙa kaya. Waɗanda suka san gari, ina da ina za mu je?

Ɗalibi a Fatih: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai ku sauya ranar. Fadar Topkapi, ta sarakunan Turkawa na da, a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar nan mai rufi kuma ba ta ci ranar Lahadi. Laraba ko Alhamis ta fi. Wuraren ba su da nisa da ku ko kaɗan. Taram ɗin da ke wucewa ta gaban Laleli, layin T1, shi za ku hau: Beyazit, Cemberlitas, sai Sultanahmet. Kuna sauka kun iso, Ayasofya, tsohon cocin da ya zama masallaci, da Masallacin Sultan Ahmad suna kallon juna, fadar tana bayan Ayasofya.

Amma ku kula da abu ɗaya. A kan layin nan akwai wata tasha mai suna Topkapi, can wajen ganuwar gari, ta ɗaya ɓangaren. Ba ita ce fadar ba. Mutanenmu da yawa suna ganin sunan a allo su nufi can, su sauka su tarar da titi da gadar sama. Fada dai a Sultanahmet ko Gulhane ake sauka.

Hajiya Mai Abaya: Allah ya yi maka albarka ɗana. Ka ga da mun tashi a tutar babu. Laraba ke nan.

Alhaji Ɗan Kwari: Hajiya ki ji shawarar ɗan kasuwa ɗan'uwanki. Kada ku zuba kuɗinku a tikiti. Masallacin Sultan Ahmad kyauta ne, masallacin Sulaimaniyya kyauta ne, filin da ke da dogayen duwatsun nan kyauta ne. Ku yi sallah, ku yi hoto, ku sayi gasasshiyar masara a bakin fili ku dawo masauki. Fadar nan kuɗin da suke karɓa a hannun baƙo ya wuce hankali, ga layi, ga tafiyar ƙafa kamar ana biyan mutum. Kuɗin shigar mutum biyu ya isa ki ƙara 'yan kaya a buhunki.

Maman Ihsan: Haba Alhaji! Komai sai an auna shi da buhu? Mutum ya je Santambul, yana taku kaɗan daga ɗakin da aka ajiye kayan Manzon Allah (SAW), ka ce ya tsaya cin masara? Hajiya kada ki biye masa. In wuri ɗaya tak za ku biya wa kuɗi, to Topkapi ne, kuma ku fara da shi da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutane.

Ɗakin amanar yana tsakar gida ta uku. Tun daga ƙofa za ki ji ƙira'a, domin akwai alaramma zaune a wani ɗan keɓaɓɓen wuri yana karatu, in ya gaji wani ya karɓe shi, dare da rana ba a yankewa. A ciki akwai takubba da bakan da ake jingina wa Annabi (SAW), da takubban sahabbai, da gashin gemu, da sawun ƙafa a kan dutse, da tsofaffin makullan Ka'aba da indararonta na da. Mayafin kansa ba a ganinsa, yana cikin akwatin zinare, akwatin kawai ake hangowa ta bayan gilashi. Matan Turkawa da na Indonesiya da na gani a gabana kuka suke yi. Wurin ba shi da haske sosai kuma masu gadi ba sa barin a daɗe a tsaye, turo ki ake yi gaba, don haka ki buɗe ido tun daga farko.

Abu Sumayya: 'Yar'uwa Maman Ihsan, Allah ya saka da alheri, amma a riƙa sa "ana cewa". A wannan ɗakin dai akwai sandar da suka rubuta wai ta Annabi Musa ce, da rawanin Annabi Yusuf, da tukunyar Annabi Ibrahim, da takobin Annabi Dawud. Wa ya ruwaito? Ina isnadi? Sandar da aka raba teku da ita ce za ta zo ta kwanta a gilashi? Mu da ko hadisi ba ma karɓa sai an bi mazajensa ɗaya bayan ɗaya, sai kuma mu karɓi tukunya don sarki ya ce. Ina jin tsoron mutane su je su yi ta shafar gilashi suna neman tabarruki da abin da ba a tabbatar ba.

Maman Ihsan: Malam ni ban ce a shafi komai ba. Cewa na yi a je a gani.

Malamin Tarihi: Ku bari in shiga tsakani, don kowannenku yana da rabin gaskiya. Kayan ɗakin nan ba hanya ɗaya suka biyo ba, bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Kaso na farko ya zo ne bayan Sultan Salim na ɗaya, sarkin daular Usmaniyya ta Turkawa, ya ci Masar a 1517. A Alƙahira ya tarar da ragowar halifofin Abbasiyawa a ƙarƙashin Mamluk, kuma Sharifin Makka ya aiko masa da mubaya'a. Mayafin da ake magana shi ne wanda tarihi ya ce Annabi (SAW) ya yafa wa Ka'abu bin Zuhair, daga baya ya shiga hannun Banu Umayya, sannan Abbasiyawa suka riƙe shi a matsayin alamar halifanci. Wato dai labarinsa yana cikin littattafai tun kafin a san za a yi Turkawa a Santambul, ko da masana suna da ja a kan ko wanda ya tsira bayan Mongol sun ƙone Bagadaza a 1258 shi ne na asalin. Wani kason kuma ya zo a makare, lokacin yaƙin duniya na farko, da Fakhruddin Pasha mai tsaron Madina ya loda kayan masallacin Annabi masu daraja a jirgin ƙasa ya aika Santambul. Makullan Ka'aba da indararo da murfin Hajarul Aswad kuwa ba su da wata rigima, sarakunan ne ke sabunta su, in an cire tsoho a kawo shi fada, wasu da sunan sarki da shekara a jikinsu.

Sanda da tukunya da rawani fa? Nan ina tare da Abu Sumayya. Ba wanda zai iya kafa maka hujja a kansu. Amma wannan bai sa ziyarar ta zama banza ba. Daular da ta riƙe Makka da Madina shekara 400 ta tara waɗannan abubuwa ne don ta nuna wa duniya ita ce uwar Musulmi, kuma sarki da kansa yake buɗe akwatin mayafin a tsakiyar Ramadan gaban manyan fada. Wanda ya shiga ɗakin ya ga yadda mulki ke jingina da addini, ko ya yarda da tukunya ko bai yarda ba.

Abu Sumayya: Na karɓi wannan rarrabewar Malam. Abin da nake gudu dai shi ne a dawo gida ana rantsuwa an ga sandar Annabi Musa.

Alhaji Ɗan Kwari: To kun ji, ashe ma rabin kayan da shakka. Masarata dai ba shakka a kanta.

Maman Ihsan: Allah ya shirye ka Alhaji.

Ɗalibi a Fatih: Game da Ayasofya, tsarin ya canza, tsofaffin bayanan da ke intanet za su ruɗe ku. Tun Janairun 2024 an raba ƙofa biyu. Mai yawon kallo yana biyan Yuro 25, a hau da shi bene ta wata ƙofa daban, daga sama yake leƙo masallacin. Ƙasa ta masu sallah ce kuma ba a biya. Ku daidaita zuwanku da azahar ko la'asar, ku yi alwala a waje ku shiga sahu. In an idar sai ku ɗan zauna ku ɗaga kai. Ana aikin gyaran ƙubbar, don haka kada ku yi mamakin ganin ƙarafan magina.

Injiniya Bature: Ɗaga kan nan shi ne duk maganar. Ni aikina gini ne, kuma ban taɓa shiga inda ya sa na ji ƙanƙanta kamar wurin nan ba. An fara shi 532 an gama 537, zamanin Sarkin Rum Justiniyan, wato an gama shi kafin haihuwar Manzon Allah (SAW) da shekara 30 da 'yan kai. Ƙubbar tana sama da ƙasa wajen mita 55, faɗinta ya haura mita 30, ba siminti irin namu ba rodi, tubali ne da turmin farar ƙasa. Sun jera tagogi 40 a gindinta, shi ya sa in rana ta shigo sai ka ga kamar ba a kan komai take zaune ba. Ta farkon ma ta rufto a 558 bayan girgizar ƙasa, aka sake ta da ɗan tudu aka gama 562. Da ba don tokaren da aka yi ta ƙara mata daga waje ba, har da na babban magini Sinan, da tuni ta kwanta.

Ku duba sahu da kyau. Ginin coci ne, ba alƙibla ya kalla ba, saboda haka mihrabin ya ɗan goce dama daga tsakiya, layukan kafet ma a karkace suke tafiya, ba su bi bango ba. Sannan ga manyan faya-fayan nan 8 da ke rataye, baƙaƙe-kore da rubutun zinare: Allah, Muhammad, halifofi huɗu, Hasan da Husaini. Kowane faifai ya fi mita 7. Ba su da tsufa kamar ginin, a gyaran 1847 zuwa 1849 aka yi su.

Abu Sumayya: Tambayata a nan ita ce hotuna. An ce har yanzu akwai hoton Nana Maryam da jariri a saman mihrabi. Ya sallah a wurin?

Ɗalibi a Fatih: Yana nan Malam, amma an ja masa fararen labule tunda yana ta alƙibla. Sauran suna bene da bakin ƙofofi, ba sa gaban mai sallah. A kusurwoyin ƙubba ma akwai zanen mala'iku masu fukafukai, ɗaya an buɗe fuskarsa. Hukuncin kuma ku malamai kuka sani, ni dai ina ganin limamai da alarammomi a sahun gaba.

Barista Ladi: Ni kam a matsayina na Kirista a zauren nan bari in faɗi nawa, kada a ji haushi. Wurin nan ya yi shekara 900 da ɗoriya yana coci kafin Sultan Muhammad ya ci garin ranar 29 ga Mayu 1453. Ya yi kusan 500 yana masallaci. Ataturk, shugaban Turkiyya na farko, ya mai da shi gidan tarihi a 1934, kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya. Da aka mayar da shi masallaci a Yulin 2020 ni ban ji daɗi ba. Yanzu ni zan biya Yuro 25 in tsaya a bene, maƙwabciyata Hajiya ta shiga ƙasa kyauta, alhali tare muka hau jirgi.

Maman Ihsan: Anti Ladi ai ba a hana ki shiga ba. Kuma wanda ya ci gari ya mai da shi wakafi, kotun ƙasarsu ce ta ce ba a taɓa wakafi.

Barista Ladi: Na san hukuncin kotun ƙanwata, na karanta shi. Ina faɗin yadda abin yake a zuciyar wanda ba Musulmi ba ne kawai.

Malamin Tarihi: Maganar Barista tana da nauyi, kuma su kansu Turkawa ba bakinsu ɗaya ba a kai. Sai dai in ƙara abu guda da ba a cika faɗa ba: ɓarnar da ta fi muni da aka yi wa cocin nan ba a 1453 aka yi ta ba. A 1204 ne, da mayaƙan 'yan Salibiyya daga Turai, Kiristoci 'yan'uwansu, suka wawashe garin. Dawakan tagulla huɗu da suka kwashe daga filin sukuwa, wato filin nan mai dogayen duwatsu, har gobe suna Banis ta Italiya. Jagoran Banisawan, Dandolo, a cikin Ayasofya aka binne shi, akwai dutse mai sunansa a bene. Barista in kin hau za ki gan shi, su Hajiya na ƙasa ba za su gani ba. A jikin dogarin benen kuma akwai inda wani sojan haya daga arewacin Turai ya kankare sunansa da wuƙa sama da shekara 1,000 da suka wuce.

Admin: A ci gaba a hankali jama'a. Maganar coci da masallaci ta tsaya nan, an ji kowa.

Ɗan Barno: Tunda Malamin Tarihi yana kusa, ni kabari zan tura su. A harabar Ayasofya ta gefe akwai hubbaren sarakuna, shiga kyauta. Ku nemi na Sultan Murad na uku. Shi ne wanda Mai Idris Alauma ya aika wa jakadu a shekarun 1570, yana neman a tsare wa alhazai da fataken Barno hanya ta Fezzan a kudancin Libiya, kuma amsoshin da Murad ya bayar a 1577 suna nan a kundin daular. Limamin Mai Idris, Ibn Furtu, ya rubuta cewa akwai Turkawa masu bindiga a rundunar Barno. Ba yau muka fara zuwa garin nan ba, kafin abaya an yi zuwan sarauta.

Malamin Tarihi: Haka ne. Amma su shirya zuciyarsu, don hubbaren nan cike suke da ƙananan akwatunan gawa. Da Murad ya rasu a 1595, ɗansa Muhammad na uku ya hau, a take ya sa aka shaƙe 'yan'uwansa maza 19, wasu yara ƙanana, don kada a yi masa tawaye. Doka ce ta gidan, ba ɓoyewa ake ba. Ɗan Muhammad ɗin, Ahmad, mai masallacin nan na tsallaken fili, shi ya ƙi kashe ƙaninsa Mustafa, daga nan al'adar ta fara mutuwa, aka koma tsare 'ya'yan sarki a wani sashe na fada. Ahmad ɗin yana yaro ya hau, ya fara masallacin a 1609, ya rasu 1617 yana da shekara 27. Malaman zamaninsa ma sun yi gunaguni, don magabatansa da ganimar yaƙi suke gini, shi kuwa bai ci wani yaƙi ba, baitulmali ya taɓa.

Hajiya Mai Abaya: Innalillahi. 19! To ni duk kun cika min kai. Maigida yana karantawa ta kafaɗata, ya ce a tambaya masa sashen matan sarki, wai ana biya daban?

Maman Ihsan: Ki ce masa me yake nema a can? Ya kiyaye mu fa.

Ɗalibi a Fatih: Ranka ya daɗe akwai tikitin da ya haɗa duka, ku tambaya a taga. Ni dai ina ganin ya cancanta, tayil ɗin da ke bangon ɗakunan nan ya fi na ko'ina a fadar.

Barista Ladi: In kun shiga, kafin ɗakunan matan za ku ratsa wani siririn tsakar gida mai duhu. Ku tsaya a nan. Masaukin babanni ne, baƙaƙen fata irinmu, da aka kamo suna yara daga Habasha da ƙasashen Nilu, aka yi musu abin da aka yi musu, aka kawo su gadin ƙofa. Masu yi wa baƙi jagora suna wucewa da sauri su kai mutane ɗakin uwar sarki. Ni a nan na fi daɗewa.

Malamin Tarihi: Kuma abin mamakin, shugabansu yana cikin mutum uku ko huɗu mafi ƙarfi a daular. Shi ke kula da wakafin Makka da Madina, shi ke shiga wurin sarki a lokacin da waziri ma ba ya iyawa. Wanda ya fi shahara, Bashir Aga, ɗan Habasha ne, ya riƙe muƙamin daga 1717 har ya rasu 1746, ana naɗa waziri a sauke da bakinsa. Ya tara littattafai, ya gina masallaci da makaranta da ɗakin karatu kusa da Gulhane, suna nan tsaye. Duk da haka yaro ne da aka raba da uwarsa aka sayar. Masu ɗaukar tarihin Usmaniyya daga fina-finan da ake fassara mana ba sa jin wannan ɓangaren.

Alhaji Ɗan Kwari: Yau na ga ta kaina, an mai da ni ɗan makaranta. To ko ni ma in ba da nawa ilimin. Hajiya a filin nan duk wanda ya tare ku da fara'a yana "Najeriya, Najeriya", ya ce masallaci a rufe yake amma zai nuna muku wata ƙofa, shagon darduma zai kai ku. Za a ba ku shayi a ɗan kofin gilashi, a yi ta shimfiɗa muku kafet har kunya ta sa ku saya. Mai shu-shaina kuma in ya wuce ku burushinsa ya faɗi, ku bar masa abinsa a ƙasa. Kuna ɗauka ku miƙa masa zai ce sai ya goge wa Alhaji takalmi don godiya, ƙarshe ya yanka kuɗi. Abinci kuma kada ku ci a bakin filin. Ku hau Sulaimaniyya, a gaban masallacin akwai jerin masu wake da shinkafa, farin wake a jar miya, shi ne abincin da ya fi kama da na gida.

Injiniya Bature: A nan kam Alhaji ya yi gaskiya, kuma Sulaimaniyya ta fi Masallacin Sultan Ahmad a wurina, duk da tayil 20,000 da hasumiya 6 da ake yi masa kirari da su. Sinan ya gina ta 1550 zuwa 1557, ba cunkoso, daga bayanta kana ganin ruwa da gadar Galata gaba ɗaya, ga kabarin Sultan Sulaiman da matarsa Hurram a harabar. Daga Laleli ma da ƙafa ake zuwa. In da sauran ƙarfi ku leƙa ma'ajiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke tsallaken Ayasofya, ginshiƙai 336 tsaye cikin ruwa. Amma ita ma kuɗi ce, kuma yini ɗaya ba zai ɗauke duka ba.

Ɗalibi a Fatih: Ba zai ɗauka ba kam. Fada kaɗai tana cin awa uku zuwa huɗu in da sashen mata. Ni zan ce fada da safe, azahar a Ayasofya, hubbare, ku ratsa fili ku ga dogon dutsen Fir'auna da aka kawo daga Masar aka kafa a 390, la'asar a Sultan Ahmad, magariba a Sulaimaniyya da waken Alhaji. Ma'ajiyar ruwa a bar ta. Hajiya ki sa takalmi mara tsini, duk daɓen dutse ne, ki kuma riƙe leda ta zuba takalma.

Abu Sumayya: Duk kun manta da wanda ya fi sarakunan nan gaba ɗaya. Abu Ayyub al-Ansari, wanda Manzon Allah (SAW) ya sauka a gidansa a Madina, a bakin ganuwar garin nan ya rasu lokacin yaƙin zamanin Mu'awiya. Ko ba a shiga fada ba a je a yi masa sallama, ziyara irin ta sunna, ba roƙo ba ɗaure-ɗauren ƙyalle.

Maman Ihsan: Yau dai ni da Malam mun haɗu a abu ɗaya. Amma ba ya cikin unguwar, ba zai shiga Larabar nan ba.

Ɗalibi a Fatih: Sai dai asubar ranar tafiya, in jirginku na dare ne. T1 zuwa Eminonu, a nan ku canza zuwa T5 da ke bin bakin ruwa, ku sauka Eyupsultan. Kati ɗaya ne duka, Istanbulkart, mutum biyu suna iya amfani da guda. Bashir Aga da Malam ya ambata ma a can aka binne shi, kusa da hubbaren.